Cinyar layya ba ta bi ta waya

Ɗiyata, saƙonki ya iso, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki yanke shawara. Kin ce wannan ce Babbar Sallarki ta farko a ɗakin miji, kuna so ku yanka ragonku a Abuja, ku zuba nama a firiza, ku tura wa kowa kuɗi ta waya. Kina son sanin ko kai cinya gidan surukai da zuwa gida yawon Sallah addini ne ko al'ada, don hayaniyar Argungu tana gajiyar da ke.

Ga abin da malamai suka karantar da mu. Layya sunna ce mai ƙarfi ga mai hali. Ana yanka ranar 10 ga Zulhajji bayan an sauko Idi kuma liman ya yanka tasa, wanda bai samu ba yana da ranar 11 da 12. A Malikiyya rago ne a gaba, kuma ba a ƙayyade kaso ba: ka ci, ka yi sadaka, ka yi kyauta. Abin da aka hana shi ne sayar da nama ko fata, ko biyan mahauci ladansa da su. Babu inda aka ambaci cinya. In kun yanka a Abuja layyarku ta yi. Cinyar surukai al'ada ce tsantsa.

Duk da haka ni gwaggonki ina roƙonku ku zo gida ku yanka.

Ba zan ce miki babu gajiya ba. Tela zai rantse miki ɗinki saura aljihu, daren Sallah ki tarar yadin yana nan a naɗe yadda kika kai shi. Mahauci zai ɗauki alkawarin gida goma, kowane ya ce masa "da kai zan fara", sai rana ta take ka hango shi a ƙofar maƙwabci yana wasa wuƙa. Maƙwabciya za ta aiko aron babbar tukunya "yanzun nan", ba za ki sake ganinta ba sai watan cika-ciki, ta dawo ba marfi. Yara kuwa, Allah ya raya su, za su zo barka da Sallah da safe, su koma su yi musayar huluna su dawo da la'asar, suna gaishe ki da wata murya kamar ba su taɓa ganinki ba. Ni dai ina ba su, don wayon yana sa ni dariya. Akwai kuma innarki da ba ta karɓar nama sai ta ɗaga shi ta jinjina, ta tambayi ɗan aike me aka kai gidan wance. Kada ki ji haushinta. Ita ce kuma ke kwana kan murhu tana soya wa kowa nasa.

Yanzu ki dubi abin da ke faruwa a tsakiyar wannan hayaniya. A nan ƙasarmu ba a gaggawar rabo. A feɗe rago, a banƙare shi a kan itace, a kafa shi gefen wuta ya yini yana tsanewa, ranar a ci kayan ciki, washegari a sauke a yanka. Sai a ɗora wa yara kwanoni: wannan na gidan kawu, wannan na gidan da kakarku ta fito, wannan na tsohuwar ƙarshen lungu da mijinta ya rasu. Ke kanki ta haka kika san danginki. Ba wanda ya zaunar da ke ya karanta miki asali, kwano kika ɗauka kika shiga, aka tambaye ki ɗiyar wa, aka sa miki albarka. Kuɗin waya kuwa a aljihun mai asusu suke tsayawa. Tsohuwar nan ba ta da asusun banki, kuma ba za ta taɓa buɗe baki ta ce an manta da ita ba.

Na sha ganin 'yan'uwa da suka shekara ba sa ga maciji saboda gona, kwanon nama ya shiga tsakaninsu, da yamma ƙane ya zo godiya, magana ta wuce. Garinmu ma shaida ne cewa zumunta a ƙafa take. Kabawa da Sakkwato sun daɗe suna gaba tun zamanin jihadi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako da kansa zuwa Argungu, aka yi masa kamun kifi don girmamawa, kuma daga nan bikin da duniya ke zuwa kallo a Matan Fada ya samo tushe. Da aike ya yi ya zauna a gida, da ba mu da wannan labari.

Game da cinya, ba ke za ki kai ba, aikin maigidanki ne. Ya fara da gidan iyayensa, sannan ya kai wa babanki, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Babanki yana da ragonsa, ba yunwar nama yake ji ba. So yake ya ga fuskar wanda ya ba amanar ɗiyarsa, ya kuma ga ke kin yi kyau. In hali bai kai cinya ba, ko hannu aka kai ya wadatar, mutumin kirki ba ya auna kyauta.

In kun amince, ku baro Abuja da asuba ku bi ta Kontagora da Yawuri da Jega, kada dare ya same ku a hanya, wannan ba na wasa da shi. In kuka ji labarin hanya ba daɗi, ku zauna, ni da kaina zan ba babanki haƙuri, ku raba naman ga maigadi da maƙwabtanku na can. Ki tanadi ƙananan kuɗi tun yanzu don yara, ki ba tela ɗinkinki a can, ki zo da wuƙarki mai alama a ƙota. Wutsiyar ragonku kuma kada a soya ta, ki kawo mini in busar in ajiye muku ta cika-ciki. Ki gaishe da maigidan naki.