Kalkuleta, Littafi ko Kuɗin Tutoriyal: Me Ɗalibin Lissafi Zai Fara Kashe wa Kuɗi?

Duk lokacin da sababbin ɗalibai suka gama rajista a Bauchi da Gombe, tambayoyin da ke zuwa mana kusan iri ɗaya ne: kuɗi kaɗan ne, jerin kayan da aka ce a saya kuma dogo. Ga uku da muka zaɓa a wannan makon.

Tambaya daga wani mahaifi a Bauchi: Yarona ya samu gurbin karatun injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya ce in saya masa kalkuleta Casio fx-991. Na zaga kasuwa na ga iri biyu, kamarsu ɗaya, amma kuɗinsu da tazara sosai. Wacce zan ɗauka?

Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun yaro. Abin da ya nema daidai ne. Casio fx-991ES Plus tana da ayyuka 417, tana nuna lissafi yadda ake rubuta shi a takarda, tana warware ikweshan mai x² da mai x³, da ikweshan uku masu ɓoyayyun lambobi uku, tana kuma aikin matiris har 3 sau 3. Wannan ya ishe shi daga aji ɗaya har ya gama. Kada a ruɗe ka da manyan nan masu zana giraf ko masu ajiye rubutu: sun fi tsada nesa ba kusa ba, kuma yawancin ɗakunan jarrabawa ba a barin shiga da su.

Mai arhar da ka gani, akwai yiwuwar jabu ce, don an cika kwaikwayon wannan samfurin. Ka je da yaron, ku gwada kafin ka biya. Ya danna 1234567890 da sauri sau uku. Jabu takan tsallake lamba ko ta maimaita ta, kuma wannan shi ne babban haɗarinta: ba za ta mutu gaba ɗaya ka san ta mutu ba, sai ta cinye sifiri ɗaya a tsakiyar jarrabawa yaro bai lura ba. Sannan ya karkata fuskarta ya ga ko rubutun yana dishewa. Ya gwada 69! (alamar ! na nufin a ninka 1×2×3 har zuwa lambar), dole ta ba da 1.711224524×10⁹⁸, sannan 70! ta nuna Math ERROR. Ta asali tana aiki da hasken rana da ƙaramin batir LR44; a jabu da yawa gilashin solar nan ado ne kawai. Idan kuɗin sabuwa ta asali ya yi nauyi, ta hannu wadda ɗalibi mai fita ya yi amfani da ita ta fi sabuwar jabu.

Abu ɗaya kuma ka gaya masa, domin ya fi jabu cin makin ɗalibai. A saman fuskar kalkuleta akwai ɗan harafi, D ko R. D na nufin digiri, R na nufin radiyan, hanyoyi biyu na auna kusurwa. Idan tana kan R ya danna sin 30, za ta ba shi −0.988 maimakon 0.5. Idan kuma ya shiga kalkulas ya bar ta a kan D, ya nemi difarenshiyeshan na sin x a x = 0, za ta ba shi 0.01745 maimakon 1, saboda ƙa'idodin kalkulas na sin da cos a kan radiyan aka gina su. Sauyawar ba wuya: SHIFT, MODE, 3 don digiri, SHIFT, MODE, 4 don radiyan. Ya riƙa duba harafin nan kafin ya rubuta lambarsa a takardar amsa.

Tambaya daga wata ɗaliba a Jami'ar Jihar Gombe: Ina aji ɗaya a sashen kemistiri. Ban yi Foda Mas a sakandare ba. Da ƙyar na tsallake MTH 101, ga MTH 102, kwas ɗin kalkulas, na tafe, kowa na cewa kalkulas dodo ne. Kuɗin hannuna ba zai isa littafi da tutoriyal duka ba. Wanne zan zaɓa?

Ƙanwarmu, kafin ki zaɓa, ɗauki biro ki amsa waɗannan uku ba tare da kalkuleta ba. Buɗe (x + 3)². Sauƙaƙa √(x² + 9). Haɗa 1/x da 1/2.

Idan kin rubuta x² + 9 a ta farko, kin yar da 6x. Amsar ita ce x² + 6x + 9. Idan kin rubuta x + 3 a ta biyu, saka x = 4 ki gani: √25 biyar ne, ke kuma kin samu bakwai; wannan ba ya sauƙaƙuwa ko kaɗan. Ta uku kuwa (2 + x)/2x ce, ba 2/(x + 2) ba. Wanda ya faɗi ko da ɗaya a cikin ukun nan, matsalarsa aljabara ce, ba kalkulas ba, kuma abin da ke ba mu takaici shi ne yadda ɗalibai masu ƙoƙari ke kwashe kariyoba a MTH 102 suna zaton kansu ne bai ja, alhali ramin tun daga SS1 yake.

Dubi yadda abin yake. Darasin farko na kalkulas shi ne limit, wato ƙimar da amsa ke kusanta yayin da x ke kusantar wata lamba. Za a ba ki (x² − 4)/(x − 2), a ce x na kusantar 2. Idan kin saka 2 kai tsaye, sifiri bisa sifiri za ki samu. Mafita ita ce ki gane x² − 4 daidai yake da (x − 2)(x + 2), ki soke (x − 2) sama da ƙasa, x + 2 ya rage, ki saka 2, ki samu 4. Sabon tunanin layi ɗaya ne, sauran duk aikin sakandare ne. Haka difarenshiyeshan daga tushe: don ki nuna x² na ba da 2x, sai kin buɗe (x + h)², kin cire x², kin raba da h, ki samu 2x + h, wanda ke zama 2x idan h ya kusanci sifiri. Wanda ya yar da 2xh a buɗe baka, ya yar da amsar kanta.

Don haka mu littafi muka zaɓa miki. Yawancin tutoriyal na gefen makaranta tsofaffin tambayoyin jarrabawa ake warwarewa a allo, ɗalibai na kwafa. Yana da amfani ga wanda tushensa ya zauna. Ga wanda bai zauna ba, sai ya ji kamar ya gane yana kallo, ya koma ɗaki ya kasa layin farko. Nemi Engineering Mathematics na K. A. Stroud, ko na hannu ne. Kada sunan ya tsorata ki don ba injiniya kike karanta ba. An tsara shi ne gaɓa-gaɓa: a yi miki bayani kaɗan, a tambaye ki, amsar na gaba. Ki tabbata bugun da za ki saya yana da sashen tushe a farkonsa, wanda ya fara daga lissafin firamare ya bi ta aljabara da tirigonomitiri. Daga bugu na 5 zuwa sama akwai shi. Ki buɗa shafukan tsakiya kuma, domin kwafin da aka buga a ɓoye yakan zo da ƙananan lambobin sama a dishe, x³ ya koma kamar x², ki yi ta neman kuskuren da ba naki ba.

Yadda za ki yi aiki da shi: awa ɗaya kullum, bayan asuba ya fi, tambaya goma da hannunki, amsa a rufe da takarda. Mako biyu a kan fakto, buɗe baka da firakshan. Mako ɗaya a kan indisis da logarizim. Mako ɗaya a kan sin, cos, tan da radiyan, har ki haddace ƙimarsu a 0, 30, 45, 60 da 90. Duk wadda kika faɗi, rubuta ta a bayan littafinki da dalilin faɗuwar, ki sake ta bayan kwana uku. Wadda ta gagara sau biyu, kai wa malamin kwas ɗin ko ɗan aji uku na sashen lissafi, ki nuna masa layin da kika tsaya.

Tambaya daga wani ɗalibi a Kashere: Dole ne in sayi laftof saboda lissafin aji ɗaya?

A'a, ɗan'uwa, ajiye kuɗinka zuwa lokacin da kwasa-kwasan kwamfuta za su buƙace ta. Wayarka ta isa. Sauke GeoGebra, kyauta ce kuma tana zana giraf ko babu data. Rubuta y = x³ − 3x ka ga inda layin ya juya, sannan ka nemo wuraren da hannu: 3x² − 3 = 0 zai ba ka x = 1 da x = −1. Littattafan kalkulas na OpenStax, juzu'i uku, su ma kyauta ne a intanet, sauke su sau ɗaya. Manhajojin da ake ɗaukar hoton tambaya su fitar da amsa kuwa, kada ka buɗe su sai ka gama naka aikin, don ka kwatanta layi da layi ka ga inda kuka rabu.