Kafin ka ce na'urar kaset ta mutu

Yaron da ke koyon aiki a shagona ya aiko mini saƙo daga wani buro a Unguwar Zariya, inda na tura shi duba babbar kwamfutarsu, wadda ake kira uwar garke. Ya ce: "Maigida, barka da aiki. Uwar garkensu Linux ce, da na'urar kaset LTO-6. Kowane dare tana kwafe fayiloli cikin kaset, rahoto kuma yana cewa lafiya lau. Yau sun nemi fayil na ranar Talata, na duba kaset ɗin, na daren jiya kawai na gani. Na sa wani tsohon kaset, ya ƙi karantuwa. Na buga man mt don in duba, ta ce babu. Ina ganin na'urar ta mutu. In ce su sayi sabuwa?"

Ga amsar da na ba shi. Ɗana, kada ka ce musu haka. Kafin ma ka gama karanta wannan, tashi ka ɗauki duk tsofaffin kaset ɗin da ke wurin, ka tura ɗan jan makullin da ke gefen kowane ɗaya har hoton kwaɗo ya fito. Kaset ɗin da aka kulle ba ya karɓar rubutu, ko da hannunka ya kuskure. Idan ka sa shi ka buga mt -f /dev/nst0 status, za ka ga WR_PROT cikin amsar. Sai ka ga wannan kalmar sannan ka ci gaba da gwaji.

Abu uku ka gaya mini, ka haɗa su ka yi musu suna ɗaya. Ni a ganina kowanne da ciwonsa, kuma wanda ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, wato littafin jagora da ya ƙi buɗewa, da shi za mu fara. Tun 1971, da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka rubuta littafin Unix na farko a Amurka, al'adar ita ce kowane umarni ya zo da shafinsa na bayani. Wannan shafin da ke cikin kwamfutar gabanka ya fi duk abin da za ka tono da wayarka, saboda shi ya dace da abin da aka girka a cikinta. Na san halinku, da man, umarnin da ke buɗe shafin, ya ƙi sai a zaro waya. To amma umarnin mt, mai sarrafa na'urar kaset, ba ɗaya ba ne. A Linux kaɗai iri biyu ne, akwai na GNU da ke zuwa tare da cpio, akwai na mt-st, kuma ba duk kalmominsu ne suka zo ɗaya ba. Sunan na'urar ma yana sauyawa: abin da Linux ke kira /dev/nst0, Solaris na kiransa /dev/rmt/0n, FreeBSD kuma /dev/nsa0. Ka kwafo umarnin wani gida ka buga a kan kaset ɗin mutane, ka ga an shiga uku.

Fara da man ls. Idan wannan ya buɗe, littafin na nan, shafin mt ne kawai babu, sai ka girka mt-st, shafin zai biyo shi. Idan shi ma ya ce "Aucune entrée de manuel", tunda na san da Faransanci aka girka injin, to ko dai an cire littafin gaba ɗaya, ko an ɓatar da hanyar zuwa wurinsa. Leƙa /usr/share/man/man1. Idan wayam ne, an yi ƙaramar girkawa ce wadda ake zubar da shafukan don rage nauyi. A Ubuntu umarnin unminimize yana dawo da su. Idan kuwa shafukan na nan tuli, buga echo $MANPATH. Sau da yawa wanda ya girka wata manhaja yakan rubuta hanyar tasa manhajar kaɗai a nan, sai man ta daina leƙa ainihin rumbun. Buga unset MANPATH ka sake gwadawa, in ya yi, nemo layin a /etc/profile ko a fayil ɗin .profile na mai injin ka gyara. Idan kuma man -k tape ya ce bai samu komai ba, jerin sunayen ne ba a gina ba, mandb zai gina shi cikin ɗan lokaci.

Da littafin ya dawo, karanta man 4 st. Zauna ka karanta shi da natsuwa ko da zai ci maka rabin awa, domin amsar tambayarka ta farko tana cikin sakin layinsa na farko-farko.

Ga abin da nake zato ya faru da ranar Talata. Na'ura ɗaya ce, amma ƙofa biyu gare ta. Idan ka shiga ta /dev/st0, da an gama aiki sai ta naɗe kaset ɗin ya koma farko. Idan ka shiga ta /dev/nst0, sai ta bar shi daidai inda aka tsaya. Buɗe rubutun da ke tashi da dare, crontab -l zai nuna maka inda yake. Ina kyautata zaton za ka tarar da tar cf /dev/st0, tar ɗin shi ne umarnin da ke kwafe fayilolin cikin kaset. Ma'anarsa, daren Litinin an rubuta daga farko an naɗe, daren Talata an sake rubutawa daga farko a kan na Litinin, haka har jiya. Rahoto bai yi ƙarya ba, kowane dare rubutun ya kammala lafiya. Ba a dai tambaye shi a kan me ya rubuta ba. Kuma kaset ba kamar faifai ba ne: duk inda ka tsaya da rubutu, nan na'ura ke sa alamar ƙarshen bayanai, abin da ke gaba da ita ba ta ƙara nuna maka shi.

Saboda haka fayil ɗin Talata, in dai a wannan kaset ɗin kaɗai yake, ya tafi. Ka gaya wa mai buron gaskiya yau, da bakinka, kada ka ce masa "ana dubawa". Zai ji zafi, amma zai samu damar tambayar ma'aikatansa ko wani na da kwafi a kwamfutarsa ko a wasiƙar imel tun abin bai yi nisa ba.

Gyaran ba wuya. A rubutun dare, a mayar da ƙofar /dev/nst0, kuma kafin tar a sa mt -f /dev/nst0 eod, don kaset ya je ƙarshen abin da ke kansa kafin a ɗora sabo. Tsakanin ajiyar wani dare da ta wani, na'ura na dasa alama, kamar yadda ake dasa gamba a kan iyakar gona da gona. Idan kana son ta dare na uku, ka naɗe da rewind, ka tsallake iyaka biyu da fsf 2, sannan tar tvf /dev/nst0 ya jero maka abin da ke ciki. Kula da wannan, don nan yara da yawa ke faɗawa: idan ka buga fsf ta ƙofar /dev/st0, zai tsallake iyakokin, yana gamawa ya naɗe ya koma farko, kai kuwa kana zaton kana gona ta uku. Ni dai in mai buron zai iya, na fi son kaset biyar, kowace ranar aiki da nata, an rubuta sunan ranar a goshinsa, da wani na ƙarshen wata da za a kai gida a ajiye. Mako guda a kaset guda, in ya lalace, mako guda ya tafi.

Sai tsohon kaset da ya ƙi karantuwa. Ba ka gaya mini abin da ta ce ba, kuma "ya ƙi" ba bayani ba ne. Sa LC_ALL=C a gaban umarnin don saƙon ya fito da Turanci, ka kwafe shi harafi da harafi, sannan ka buga dmesg, mai nuna rahoton injin game da na'urorinsa, ka duba layukan ƙarshe. Idan ka ga "Cannot allocate memory", kada ka je neman ƙarin ma'ajiya, injin ba ta rasa komai ba. Kaset yana ba da bayanai ne dunƙule-dunƙule, kuma sai ka zo da mazubin da ya kai girman dunƙulen. Shi tar, in ba a ce masa komai ba, yana zuwa da mazubi mai cin bayit 10,240, wato 20 sau 512. Idan an rubuta kaset ɗin da dunƙule mai 262,144, kamar ka je da tiya ne aka ce buhu guda za a juye maka lokaci ɗaya. Sau da yawa dmesg ma yana faɗin girman dunƙulen ƙarara. In bai faɗa ba, buga mt -f /dev/nst0 setblk 0, ka naɗe, sannan dd if=/dev/nst0 of=/tmp/gwaji bs=1M count=1. Girman fayil ɗin da ya fito shi ne girman dunƙulen. Raba shi da 512, abin da ka samu ka ba tar bayan -b. Idan 65,536 ne, -b 128; idan 262,144 ne, -b 512.

Duba kuma lambar da ke jikin kaset ɗin. LTO-6 tana rubutu a kan kaset zuriya ta 6 da ta 5, tana karanta ta 4, ba ta san ta 3 ba sam. A nan ne shawararka ta sayen sabuwa ta fi ba ni tsoro. Har zuwa LTO-7, kowace na'ura tana karanta zuriya biyu a bayanta. A LTO-8, wadda ta fito a 2017, aka rage zuwa ɗaya: tana karanta 8 da 7 kawai. Da mai buron ya ji maganarka ya yi odar LTO-8 daga Yamai ko Kano, ya zuba kuɗi masu yawa, da ranar da ta iso za ku gane ba ta karanta ko ɗaya daga cikin kaset ɗinsa.

Idan kuwa saƙon "Input/output error" ne, nan ne za mu fara zargin ƙarfe. Sa kaset uku daban-daban. Ɗaya ne kawai ya ƙi, kuma dmesg na cewa "Medium Error", laifin kaset ne. Duka ukun sun ƙi, kan na'urar ya yi datti ko ya gaji. "Hardware Error" kuma, ko na'urar ta riƙa ɓacewa tana dawowa a jerin na'urorin da lsscsi ke nunawa, sai ka kashe injin ka cire wayar SAS da ta haɗa na'urar da injin ka mayar da kyau kafin ka yanke hukunci.

Garinmu ba ya tausayin kaset. Masu yin LTO sun ce ajiya mai tsawo tana son sanyi tsakanin digiri 16 zuwa 25, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce 40. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko ta ƙasan ƙofa, fankar injin na zuƙo ta kai tsaye ta bakin na'urar. Na sha tarar da uwar garke a ƙasa dab da taga, kaset ɗin kuma a zube kan tebur babu kwalinsu. Ɗaga injin daga ƙasa, mayar da kowane kaset cikin kwalinsa a tsaye, a ɗakin da ke da kilim. Wanda aka ɗauko a kan kabu-kabu cikin rana, a bar shi ya kwana a ɗakin injin kafin a sa shi. Batun wanki kuma, kada ka kuskura ka sa auduga da alkol kamar yadda ake goge kan rediyo mai kaset. Akwai kaset na wanki, yana yin har sau 50, kuma sai na'ura ta nema da kanta ake sa shi, wata da harafin C a ɗan allonta, wata da fitila. Duk wankin da aka yi, ja layi ɗaya da biro a jikin takardarsa. Wanda ya ƙare, na'ura tofo shi take yi ba tare da ta wanke komai ba, mutane su ɗauka an wanke.

Tambayi mai gadi ko ana ɗauke kuran da dare a unguwar, ka gwada batirin ondular, mai riƙe wuta in an ɗauke, ka ga minti nawa yake riƙe injin. Rubutun da wuta ta yanke a tsakiya ba ya samun alamar rufewa, farkonsa zai karantu, ƙarshensa ya ba da kuskure. Sannan lambar 6.25 TB da ke kan kwalin LTO-6 ta bayanan da suka matsu ce. Ainihin cikinsa 2.5 TB ne, kuma hotuna da bidiyo da takardun da aka ɗauka da sikana ba sa matsuwa. Auna abin da ake kwafewa da du -sh ka lissafa dare nawa kaset ɗaya zai ɗauka, yanzu da za a riƙa ɗorawa.

Shekarun baya, lokacin ƙananan kaset na DDS, na kula da injin wani ɗan kasuwa a kusa da babbar kasuwa. Watanni ina ganin rahoto na cewa lafiya, ban taɓa ciro fayil ko ɗaya daga kaset na buɗe ba. Ranar da faifansa ya mutu muka tarar kaset ɗin ba sa karantuwa. Dattijon ya zauna da akawunsa suna sake shigar da lissafin bashi daga takardu har tsawon makonni, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Har yau in na wuce ƙofar shagonsa sai na ji nauyi a ƙirjina. Shi ya sa nake matsa muku a kan wannan.

Don haka in ka gama gyaran rubutun dare, kada ka tattara kayanka ka ce an gama. Gobe da safe ka koma, ka naɗe kaset, ka tsallaka zuwa ajiyar daren, ka ciro fayil uku cikin /tmp, ka kira akawun ya buɗe su da idonsa ya tabbatar nasa ne. Jibi ma ka koma, ka tabbatar ajiyar dare biyu na nan, kowace a bayan iyakarta. Ka nuna wa mutum ɗaya a buron yadda ake yi, ka rubuta masa matakan a takarda ka manna a jikin injin, ya riƙa yi kowace Juma'a kafin a tafi masallaci. Yanzu dai aiko mini hoton abin da status ya ce, da layi ashirin na ƙarshen dmesg, da rubutun daren gaba ɗayansa. Ina shago har la'asar. Allah ya yi maka albarka.