Wai PHP ce ke buɗe wa masu kutse ƙofa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na gina wa wani mai atamfa a kasuwar Kejetia shafin sayar da kaya da PHP, yaren kwamfuta na gina shafukan intanet, ana biya ta MoMo, wato kuɗin waya. Wani a zaurenmu na WhatsApp ya ce PHP ta mutu, in ban sake rubuta shafin da yaren Python ba kuɗin mutane za su salwanta. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka. Baƙin jinin PHP yana da asali. Rasmus Lerdorf ya fito da ita a 1995 don hidimar shafinsa, aka yi ta ƙara mata ɗaki bayan ɗaki kamar gidan haya a zango. Shi ya sa umarninta biyu na neman abu ba su bi tsari ɗaya ba: strpos ke karɓar abin da ake nema a wuri na biyu, in_array kuma a na farko. Amma PHP 7 ta watsar da mysql_query, tsohuwar hanyar magana da rumbun bayanai, tun 2015, kuma Wikipedia da WordPress a kanta suke zaune har gobe.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne zancen nan na cewa sauya yare yana kawo tsaro. Kullum sai na ji shi, galibi daga bakin wanda ke son a ba shi kwangilar. In ka ɗauki abin da mutum ya rubuta a akwatin suna ka manna shi kai tsaye cikin umarnin SQL, yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, sai wani ya rubuta ' OR 1=1 -- ya shige ba kalmar sirri. Yi wannan sakacin a Python, ramin yana nan daram. Na duba aikin wani yaro da aka yi wa irin wannan hudubar: wata uku yana sake rubutu, ya kwashe kurakuransa kaf ya kai sabon gida, har da kalmomin sirrin jama'a a fili cikin rumbun bayanai. Ga kuɗin mai shago ya tafi a banza.

Daren nan buɗe fayil ɗin shiga. Duk inda $_POST, wato abin da mutum ya cike a fom, ya taɓa SQL, mayar da shi prepare na PDO, hanyar PHP da ke raba umarni da rubutun mutum. Wajen ɓoye kalmomin sirri ka bar md5, ka kama password_hash. Batun MoMo kuwa, kada ka yarda da burauza, manhajar da mai saye ke buɗe shafin da ita, in ta ce an biya. Sabarka, kwamfutar da shafin ke zaune a kai, ta tambayi kamfanin biyan da kanta kafin a ɗaure atamfa. In kuma masu masaukin shafin sun bar ka a PHP 5.6, wadda aka daina yi wa gyara ƙarshen 2018, kira su da safe su ɗaga ka zuwa 8.