Amsa ga Hajiyar da firam ɗinta ke tumɓuke ƙusa

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kin sayi babban firam na Ayatul Kursiyyu mai gilashi, faɗinsa ya kusa mita ɗaya, kuma duk ƙusar kankare da aka buga a falonki na Fadaman Mada sai ta fito da ɓaraguzan filasta. Na ga wasu sun ce a ƙara girman ƙusa. Ni dai ban goyi bayan haka ba, domin ƙusa ba ta da laifi, bangon ne bai riƙe ta ba.

Yawancin gidajen Bauchi na yanzu da bulon siminti aka gina su, mai inci 6 ko inci 9, kuma cikinsa rami ne. Tsawon bulo inci 18 ne, da ramuka biyu, sai ƙarfinsa a gefe biyu da kuma tsakiya. In ƙusa ta faɗa daidai rami, abin da ke riƙe da ita filasta ce da ɗan siririn fatar bulo. Ga shi kuma masu buga bulo da yawa suna cika yashi su rage siminti, har ki goga da yatsa ki ga yana zuba. Kowane bugun guduma ƙara farfasa wurin yake yi. Shi ya sa ake ratayewa yau, bayan sati biyu a ji tartsatsi cikin dare.

Sannan ki san nauyin abin da za ki rataya. Gilashi mai kaurin milimita 4, in faɗinsa da tsawonsa mita ɗaya-ɗaya ne, shi kaɗai kilo 10 ne, ban da katako da allon baya. Ki hau sikeli riƙe da shi, ki sauka ki hau ke kaɗai, bambancin shi ne nauyinsa. A ganina duk abin da ya haura kilo 5 ya wuce aikin ƙusa.

Abin da nake yi a gidana da gidajen 'yan'uwa shi ne huda bango da inji, a sa fisha, wato 'yar robar nan da ake cusawa cikin ramin don ta riƙe sukuru, a ɗaura sukuru. Ki aika a sayo fisha mai lamba 8 da sukurun da ya dace da ita, mai tsawon inci 2 da rabi zuwa 3, masu kayan gini a Wunti duk suna da su. Bakin injin ma ya zama lamba 8, kada a ce wai a sa 10 don ta shige da sauƙi. Kafin a huda, a ƙwanƙwasa bangon da bayan sukurudireba. Inda ya yi ƙara kamar ganga, rami ne, a matsa gefe har a ji sautin ya toshe. Nan ne wurin. In injin mai dukan guduma ne, a kashe dukan a kan bulo, a bar shi ya ci a hankali. A hure ƙurar ramin tas, a tura fisha har ta wuce filasta ta shiga jikin bulo, sannan a ɗaura sukuru a bar kansa a waje kamar rabin inci. Kuma biyu za a sa, ba ɗaya ba, a daidaita su da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa. Da guda biyu nauyi ya rabu, firam kuma ba zai riƙa karkacewa duk lokacin da aka share shi ba.

Wani abu da ba na wasa da shi: kada a huda saitin soket ko makunnin fitila, sama ko ƙasa. Ta nan bututun waya ke bi a miƙe cikin bango. A kauce aƙalla taƙi ɗaya, a kuma kashe wutar ɗakin in ana da shakka, a jawo wa injin wuta daga wani wuri. Haka bangon da bayansa banɗaki ne, akwai fayif ɗin ruwa, ga danshi da ke ruɓar da allon baya da damina.

Ki juya firam ɗin ki duba bayansa ma. Sau da yawa bango yana nan lafiya, ɗan ƙarfen da aka maƙala da ƙananan ƙusoshi ne ke ɓallewa, musamman da hunturu in katako ya bushe ya tsage. Ki ba kafinta ya sa zobba biyu masu ƙarfi da sukuru a jikin katakon gefe, kowane zobe ya hau nasa sukurun na bango. Igiya ko zaren lilo kada ma a fara. Su kuma maratayan nan masu gam, na kalanda ne. Zafin Maris da Afrilu na garin nan yana sakin gam ɗin, in kuma an zo cirewa su taho da fenti.

Ramukan da ƙusoshi suka riga suka faɗaɗa, kada a cusa musu tsinken ashana ko takarda a mayar da sukuru. A cike da siminti, a huda sabo a gefe. Tunda gidan haya ne, ki sanar da mai gida tukuna, ramin fisha ƙarami ne, ya fi sauƙin toshewa a kan ɓarnar guduma.

Ga 'yan'uwa da ke cikin gari, irin su Jahun da Nasarawa, masu ginin ƙasa da aka shafe da siminti, fisha ba ta kama tubali. Sai dai a huda mai zurfi, a kafa turken katako busasshe, a ɗaura sukuru a cikinsa, ko a cire gilashin gaba ɗaya a rage nauyi.

Tsakiyar firam ta zo daidai idon mai tsaye, wajen santimita 150 daga ƙasa. In bayan kujera ne a ɗaga kaɗan yadda kai ba zai taɓa ba. Amma Hajiya, komai ƙarfin sukuru, ban yarda a rataya mai gilashi saitin kan gado ko inda yara ke kwanciya ba. Kafin a ɗora shi, mai aikin ya kama sukurun ya ja ƙasa da ƙarfi a gabanki, in ya motsa ko kaɗan a sake wuri. Allah Ya sa albarka a gidan.