Kafin Ka Hau Kujerar Sa-kai a NACADA

Tambaya: "Malam, Allah ya ƙara lafiya. Shekarata biyu ina aikin ba ɗalibai shawara kan karatunsu a wata jami'a a jihar Ohio ta Amurka, kuma ni ɗan NACADA ne, ƙungiyar masu irin wannan aiki. Abokan aiki sai zuga ni suke yi in tsaya takarar shugabancin ɗaya daga cikin rukunoninta, aikin da ba albashi. In shiga ko in dakata? In shiga ɗin ne, ta ina ake somawa?"

Ɗana, takarar ka jinkirta ta zuwa baɗi, aikin kuwa ka soma shi a wannan zangon. Masu zuga ka ba su za su zauna da ajanda da tsakar dare ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, don haka ka fara ganin kan da za ka aske.

Sai ka san gidan tukuna. NACADA ta samo asali ne daga taron masu ba ɗalibai shawara na ƙasa baki ɗaya da aka yi a Burlington ta jihar Vermont a 1977, aka yi mata rajista a 1979. A 1990 aka buɗe ofishin zartarwarta a Jami'ar Jihar Kansas, a garin Manhattan, kuma a ofishin ne ma'aikata masu albashi suke. Sauran duk 'yan sa-kai ne: hukumar daraktoci a sama, majalisa a ƙarƙashinta, sai sassa uku da aka daɗe ana tafiya a kansu. Akwai sashen yankuna, inda aka raba Amurka da Kanada gida 10, kai kana yanki na 5 na Manyan Tafkuna. Akwai sashen rukunoni, inda mutane ke haɗuwa bisa irin ɗaliban da suke riƙo, kamar 'yan shekarar farko, waɗanda suka sauyo makaranta, 'yan wasanni, waɗanda ba su zaɓi fanni ba, da waɗanda aka ba gargaɗi saboda faɗuwar maki. Na uku shi ne sashen kwamitocin gudanarwa, irin su na kuɗi, na bincike da na lambobin yabo. Wanda bai bambance waɗannan ba sai ya kai ƙorafin kuɗi wurin da ake maganar horo, ya zauna yana jiran amsar da ba za ta zo ba.

Ƙofar da ta fi dacewa da kai ita ce tantance maƙalu. Kowane taro, na yanki ko na shekara, yana neman masu karanta taƙaitaccen bayanin da masu son gabatar da maƙala suke turowa. Za a ba ka wani kaso tare da takardar ma'aunin maki. Ka karance kason duka sau ɗaya ba tare da ka sa maki ba, a karo na biyu sannan ka saka. Dalili kuwa, mai karatu yakan yi tsanani a takardun farko, ya yi sassauci a na ƙarshe idan ya gaji, sai ka ga mai kyau ta faɗi don kawai ita ce ta zo a sama. Ga kowace takarda ka tambayi kanka abu uku: abin da take ya yi alkawari yana cikin bayanin? Zai shiga cikin lokacin zama ɗaya, wanda galibi awa guda ne? Me mai sauraro zai koma ofis ya yi da shi ranar Litinin? Idan ka gane mai takardar, ko daga jami'arku ta fito, ka mayar da ita ga shugaban kwamiti ya ba wani. Sharhinka kuma ya zama jimla biyu ko uku da marubucin zai iya gyara da su, domin "ba ta yi ba" ba ta koya wa kowa komai. Shugabannin kwamiti ba sa manta wanda ya kawo makinsa kafin ranar rufewa, kuma daga cikin irinsu ake cika kwamitin jagorancin rukuni.

Yanzu ga abin da ya fi kayar da sababbi: kalanda. Babban taron shekara yana zuwa ne da kaka, galibi a Oktoba, daidai lokacin da ɗalibai suke cika ƙofarka don rajistar kwasa-kwasan zango mai zuwa. Tarukan yankuna kuma suna faɗowa tsakanin ƙarshen hunturu da bazara, su yi karo da rajistar Maris da Afrilu. Taura biyu ba ta taunuwa. Ka ɗauko kalandar jami'arku, ka ja layi a kan makonnin rajista, makon karɓar sababbin ɗalibai, da makon farko na zango da ake sauya kwas. Sannan ka ɗora ranakun ƙungiya a kai. Duk inda suka haɗu, aikin ƙungiya ne zai matso gaba, ka gama shi mako biyu kafin lokacinsa. Ɗalibin da ya rasa gurbi a kwas ɗin da ake koyarwa sau ɗaya a shekara don kana wurin taro, zango guda ko fiye ka ƙara masa, da kuɗin makarantarsa. A jami'o'in gida, inda malamin da ke koyarwa shi ne kuma kodinetan aji, an san wannan matsi sarai. Bambancin kawai shi ne kai wannan ne aikin da ake biyan ka dominsa, ba ka da uzuri.

Kafin sunanka ya shiga takardar zaɓe, ka zauna da shugaban ofishinku. Ka je da takardar bayanin muƙamin da ƙungiya ta wallafa, inda aka rubuta sharuɗɗan cancanta da tsawon wa'adi. Shugabancin rukuni ko na yanki shekara biyu ne, kuma ana sa ran ganin ka a babban taro. Ku daddale abu uku a rubuce, ko da ta imel ne: awa nawa a mako za ka yi wa ƙungiya a cikin lokacin aiki, wa zai karɓi ɗalibanka ranakun da ba ka nan, da kuma wa zai biya rajistar taro, jirgi da otal. Kada ka ɗauka ƙungiya za ta ɗauke maka duka. Yardar baki tana tafiya da mai ita ran da aka sauya shugaba ko aka rage kasafi.

In Allah ya kai ka kujerar, ka zaɓi manufa biyu, in ta yi yawa uku, waɗanda za a iya cewa an yi ko ba a yi ba: zaman tattaunawa ta Zoom sau huɗu a shekara, ko jagorar shafi biyu ga sabon mai riƙon ɗaliban da aka ba gargaɗi. "Ƙarfafa zumunci" ba ya shiga rahoton shekara. Kwamitin jagoranci mutum biyar zuwa takwas sun isa, kuma kada duk su fito daga manyan jami'o'i. Ka nemo na kwalejojin shekara biyu da ƙananan makarantu, don matsalarsu daban ce. Taro sau ɗaya a wata, minti 50, ajanda ta fita kwana uku kafin ranar, ka kuma rubuta lokacin da agogon wane yanki ne, tunda tsakanin gabas da yammacin Amurka awa uku ne. Kowane aiki ya fita da suna ɗaya da rana ɗaya. Aikin da aka ce "mu duka za mu duba" ya mutu tun a wurin.

Ɗan sa-kai ba ka da albashinsa a hannu balle ka tsorata shi. Idan ya yi shiru, ka kira shi shi kaɗai, ka rage masa kaya ko ka buɗe masa hanyar sauka cikin mutunci. Kuskuren da ake yawan yi shi ne shugaba ya kwashe aikin ya yi da kansa don ya fi sauri. Wata shida a haka sai kwamiti ya koma 'yan kallo, shi kuma ya gaji.

Abu biyu kada hannunka ya taɓa. Na farko kwangila. Idan ka shiga shirya taron yanki, otal zai nemi a yi alkawarin adadin ɗakuna da mafi ƙarancin kuɗin abinci, in mahalarta ba su cika ba a biya giɓin. Sa hannu a irin wannan aikin ofishin zartarwa ne, kai naka ka ba su ƙiyasi na gaskiya daga adadin waɗanda suka halarci tarukan baya. Na biyu bayanan ɗalibai. Dokar FERPA ta 1974, mai kare sirrin bayanan ɗalibai a Amurka, tana bin ka har cikin zauren taro. In za ka kawo misali a maƙala ko a tattaunawar rukuni, cire suna kaɗai bai wadatar ba. Ɗalibi ɗaya tilo daga wata ƙasa a ƙaramin sashe, kowa a jami'arku zai gane shi. Ka sauya fanni da shekara, ko ka haɗa labarin mutum biyu.

Ka kuma leƙa shirin renon shugabanni da suke kira ELP, wanda aka fara a 2007. Ana haɗa sabon shiga da gogagge su yi shekara biyu tare, an kuma kafa shi ne don a jawo waɗanda ba a cika ganin irinsu a shugabancin ƙungiyar ba. Gurabensa kaɗan ne, kuma aikin tantance maƙalun nan shi ne abin da za ka nuna a takardar nema.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun ranar da ka karɓi ƙaramin aiki ka buɗe fayil ɗin miƙa mulki, a ma'ajiyar da kwamiti ke iya shiga, ba a asusun intanet da jami'arku ta ba ka ba, don ran da ka sauya wurin aiki asusun zai rufe da komai a ciki. Ka zuba ranakun shekara wata-wata, bayanan taruka, sunan ma'aikacin ofishin zartarwa da ke kula da sashenku, da jerin abin da aka gwada bai yi ba tare da dalilinsa. Idan ka samo takardar bayanin muƙamin, ka kawo ta tare da kalandar jami'arku mu jera su gefe da gefe.