Kunnuwan mandolin sun ƙi juyawa

Kana tambaya ko a gyara kunnuwan ɗaure tsirkiya na mandolin, wato ƙaramin abin kiɗa mai kama da jita, da suka yi tauri, ko a sayo sababbi. Fara da gyara. Sassauta tsirkiyoyin takwas, ka goge haƙoran giyar da kowane kunne ke juyawa da tsohon buroshi, ka ɗiga man keken ɗinki kaɗan, sannan ka ɗan saki sukurun da ke tsakiyar kowace giya. Yawanci shi ake matsewa fiye da kima.

In taurin bai tafi ba, kwance farantin ƙarfen da kunnuwan ke jikinsa ka juya su a hannu. In sun juya sumul, laifin ramukan katakon kan mandolin ɗin ne, sababbi ma taurin za su yi maka. In haƙoran ne suka cinye, sai canji. Amma auna tazarar sandunan da ake naɗa tsirkiya a kansu kafin ka biya: na zamani yawanci milimita 23 ne, tsofaffin mandolin kuwa kowanne da nasa awon.