Kafin ka ci bashin injin feshi, buɗe littafi

Tambaya: Ina sana'ar feshin maganin ƙwari a gidaje a Zariya. Da damina aiki kan yi yawa saboda sauro da gara, amma bana mutane suna ta ƙorafi cewa ƙwarin na dawowa bayan mako guda, kuma abin da na tara bai kai na bara ba. Ɗan yayana ne ke fita aiki, shi ke haɗa magani, shi ke karɓo kuɗi. Ina so in ci bashin naira 600,000 in sayi injin feshi mai hayaƙi domin in samu manyan kwangiloli. Me ka gani?

Amsa: Malam, ajiye maganar injin nan tukuna, domin matsalarka tana cikin jimla ta uku ta wasiƙarka. Mutum ɗaya ne ke auna magani, shi ne ke shiga gidan mutane, shi ne kuma ke kawo maka abin da ya ga dama, kai kuwa ba ka ambaci littafi ko rasit ko sau ɗaya ba. Ban ce yaron ɓarawo ne ba. Abin da nake cewa shi ne, yau ko da ya rantse maka da gaskiyarsa, ba ka da hanyar tabbatarwa.

Famfon goyo yana cin lita 16, kuma kowane magani yana da ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalbarsa. Saboda haka lissafin mai sauƙi ne: kwalba ɗaya cikon famfo nawa take yi, cikon famfo ɗaya ɗaki nawa yake ɗauka. Idan kwalbar da ya kamata ta ƙare a gida shida ta kai gida goma, an tsinka maganin da ruwa, shi ya sa kyankyaso ke dawowa. Idan kuma ta ƙare amma kuɗin gida huɗu ka gani, to akwai aikin da aka yi a bayan idonka da kayanka.

Na san wani a Kaduna da ya samu aikin feshin kuɗin cizo a wata makarantar kwana da bazara, lokacin da zafi ke sa su hayayyafa. Ƙwan kuɗin cizo yana ɓoye a ɗinkin katifa da tsagar gado, yawancin magunguna ba sa kashe shi, don haka dole a koma a sake feshi bayan kamar mako biyu. Ƙaninsa ya karɓi kuɗin zagaye biyu, ya je sau ɗaya. Makarantar ba ta sake kiransa ba, sauran makarantun unguwar ma sun ji labari.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi. Yaron da ba a bin sawunsa yana iya sayar da maganinka ya saye otapiyapiya ta bakin titi. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa saboda haɗarinsu, kuma idan jariri ya shaƙi irin wannan a ɗakin da aka fesa, sunanka za a nema.

Daga wannan makon, kai za ka auna magani da hannunka kowace safiya, abokin ciniki ya tura kuɗi kai tsaye asusunka, a rubuta gida, kwanan wata da ranar komawa. Ka yanka wa ɗan yayanka lada a kan kowane gida, ka sanar da mahaifinsa tsarin a gabansa. Idan littafin ya nuna riba har ƙarshen hunturu, lokacin da aiki ke ja baya, sai mu yi maganar inji.